Koya wa Yara Turanci da Abin da Ke Cikin Jakarsu

Darasi domin masu koyarwa a ajin yamma, malaman sa kai da iyaye

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu da yawa yaro yakan shiga aji ɗaya da harsuna biyu a bakinsa. Akwai yaren gida, kamar Ngas, Tangale, Bajju ko Bura, akwai kuma Hausa ta kasuwa da filin wasa. Turanci shi ne na uku, kuma ba ya jin sa a ko'ina sai a makaranta. Duk da haka da Turanci aka rubuta yawancin littattafansa, da shi ne kuma zai rubuta jarrabawar shiga sakandare, daga baya kuma WAEC da NECO.

Gwamnati ta sha canja magana a kan harshen koyarwa. Tsarin Ilimi na Ƙasa, bugun 2004, ya ce a koyar da yara da harshen yankinsu a shekara uku na fari na firamare, sa'an nan a shiga Turanci daga aji huɗu. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a ƙara shekarun su zama shida. A watan Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa. Ko wane tsari ake bi, yaron ƙauye yana bukatar Turancin da zai iya buɗe baki da shi.

Ku dubi yaron da malami ya ce masa "Bring out your exercise book," shi kuwa ya zauna yana kallo. Littafin yana cikin jakarsa, maganar ce bai gane ba. Ku dubi yarinyar da aka ɗauke mata biro, amma ba ta da kalmar da za ta kai ƙara da ita. Irin waɗannan yara ne ake kira daƙiƙai, alhali ba haka ba ne. Shiru yakan jawo tsoro, tsoro ya jawo fashin makaranta, kafin a ankara yaro ya koma kiwo ko talla.

Me ya sa za a fara da kayan makaranta?

Na ɗaya, kayan suna hannun yaro. Ba sai an sayi hoto ko littafi na musamman ba, kuma gani ya kori ji. Na biyu, zai ji waɗannan kalmomi a bakin malaminsa gobe da safe, don haka ba za su ɓace masa ba. Na uku, ya riga ya san wasunsu tun daga gida. Fensir, rula, benci da tebur duka daga Turanci Hausa ta aro su. Biro ma sunan mutum ne, Laszlo Biro, ɗan jarida daga ƙasar Hangari, wanda ya yi rajistar wannan irin alƙalami a 1938. Idan kuka nuna wa yaro cewa yana da rabin kalmar tun da can, sai gabansa ya daina faɗuwa.

Abin da za ku tanada

Kwando ɗaya ko tabarma, da kayan makaranta na gaske: littattafai, biro, fensir, rula, alli, jaka, gorar ruwa da tsintsiya. Yara kada su wuce 20 a rukuni ɗaya. Minti 30 a rana ya isa. Inuwar itace ko ɗakin taro duka za su yi. Kada ku koya fiye da sababbin kalmomi biyar ko shida a zama ɗaya.

Ga kalmomin da za a bi:

book – littafi
exercise book – littafin rubutu
pen – biro
pencil – fensir
ruler – rula
eraser – magogin fensir, wanda yara ke kira kilina
sharpener – abin fiƙe fensir
bag – jaka
chalk – alli
board – allo
desk – teburin ɗalibi
chair – kujera
bench – benci
bottle – gora ko kwalba
broom – tsintsiya
uniform – kayan makaranta

Mataki na 1: Kunne kafin baki

Da rarrafe yaro kan tashi. Jariri yakan yi watanni yana ji, yana gane "zo" da "bari", kafin ya faɗi kalma ko ɗaya. Wani malamin jami'a a Kalifoniya ta Amurka, James Asher, ya gina hanyar koyar da harshe a kan wannan tun shekarun 1960: malami ya ba da umarni, ɗalibi ya amsa da jikinsa, ba a tilasta masa magana sai ya shirya.

Ku ɗaga biro ku ce "pen" sau uku, a fili. Ku ɗaga littafi ku ce "book". Sa'an nan ku shiga umarni, kuna yin aikin da kanku domin su gani:

Show me a pen. – Nuna mini biro.
Touch the bag. – Taɓa jakar.
Pick up the ruler. – Ɗauki rular.
Put it down. – Ajiye ta.
Give me the book. – Ba ni littafin.
Open your book. Close your book. – Buɗe littafinka. Rufe littafinka.

Ku fara da dukan aji tare, sai 'yan mata kawai, sai 'yan maza, daga ƙarshe ɗaya ɗaya. Ku riƙa canja jerin umarnin, don kada su haddace tsarin maimakon ma'anar. A wannan rana ba rubutu, ba kuma dole sai kowa ya yi magana ba.

Mataki na 2: Mene ne wannan?

Yanzu baki zai buɗe. Tambaya ɗaya ce da amsa ɗaya:

What is this? – It is a pen.
What is that? – It is a bag.

"This" na abin da ke kusa ne, wato wannan. "That" na abin da ke nesa ne, wato wancan. Ku riƙe abu a hannu ku ce "this", ku ajiye wani a bakin ƙofa ku nuna shi da yatsa ku ce "that".

Abu biyu ne za su ba yaran wahala a nan. Na fari shi ne "it". A Hausa kowane abu namiji ne ko mace: littafi ne, jaka ce. A Turanci kuwa "he" da "she" na mutane ne, kayan aiki duka "it" ne. Na biyu shi ne 'yar ƙaramar kalmar nan "a", wadda Hausa ba ta bukatarta, shi ya sa yaro yakan ce "It is pen". Ku koya ta manne da sunan abin tun farko: a pen, a book, a ruler. Idan kalma ta fara da sautin wasali sai ta zama "an": an eraser, an exercise book. Sauti ake bi, ba harafi ba, don haka ake cewa "a uniform", domin a baki kalmar tana farawa da "yu".

Ku bar yaran su tambayi juna biyu biyu. Wanda bai taɓa yin tambaya ba, rabin harshen kawai ya koya.

Mataki na 3: Na wane ne?

Nan ne zuciyar darasin, gama yawancin rigimar yara a aji a kan "nawa ne, ba naka ba ne" take. Ku ɗauki kwana biyu ko uku a kansa.

Ku fara da abin da yaran suka sani. A Hausa muna cewa littafina, amma jakata. Mai abin yana zuwa a baya, kalmar kuma tana canjawa bisa ga abin. A Turanci mai abin yana zuwa a gaba, kuma ba ruwansa da ko abin namiji ne ko mace:

my book – littafina
my bag – jakata
your book – littafinka ko littafinki
your bag – jakarka ko jakarki
his bag – jakarsa
her bag – jakarta
our class – ajinmu
their bench – bencinsu

Ku nuna musu sauƙin da ke ciki: "your" ɗaya ce ga namiji da mace da jama'a. Inda sukan ruɗe shi ne "his" da "her". Ku tsai da yaro ɗaya da yarinya ɗaya a gaba, kowa da jaka. Ku nuna ta yaron ku ce "his bag", ku nuna ta yarinyar ku ce "her bag". Sai su yi musayar jakunkuna. Jakar da ɗazu take "his" yanzu ta zama "her". Da haka za su gane cewa mai abin ake dubawa.

Bayan haka sai tambayar:

Whose pen is this? – Biron wane ne wannan?
It is my pen. It is mine. – Birona ne. Nawa ne.
Is this your ruler? – Wannan rularki ce?
Yes, it is. No, it is not. – I, ita ce. A'a, ba ita ba ce.
It is the teacher's book. – Littafin malam ne.

"Mine" tana aikin nawa da tawa, "yours" tana aikin naka, taka, naki da taki. Ba a sa sunan abu a bayansu. Ana cewa "my pen" ko kuwa "mine" kaɗai, ba a cewa "mine pen".

Mataki na 4: Ina da shi, ba ni da shi, guda nawa?

I have a pencil. – Ina da fensir.
I do not have a ruler. – Ba ni da rula.
She has a bag. – Tana da jaka.
Do you have an eraser? – Kana da kilina?
How many books do you have? – Littafi nawa gare ka?
I have three books. – Ina da littafi uku.

Ku lura da amsar ƙarshe. Mu a Hausa muna iya cewa littafi uku, ba tare da mun mai da shi littattafai ba. Turanci ba ya yarda da haka. Da zarar abu ya wuce ɗaya sai an ƙara masa "s". Daga nan ne "two book" da "five pencil" suke fitowa, kuma kuskure ne da kan bi mutum har girma idan ba a gyara shi da wuri ba. Ku ƙarfafa yaran da cewa jam'in Turanci ya fi namu sauƙi: mu muna da kujeru, jakunkuna, littattafai, kowanne da hanyarsa, su kuwa yawanci harafi ɗaya suke ƙarawa. Kalmomin da suka ƙare kamar bench, box da class su ne ke ɗaukar "es": benches, boxes, classes. Alli kuwa ba a ƙirga shi kai tsaye, sai a ce "a piece of chalk", wato guntun alli.

Mataki na 5: Ina yake, wane launi ne?

Kalmomi uku sun isa a fara da su: in, wato cikin, on, wato a kan, under, wato ƙarƙashin. Ku koma ga umarni kamar na mataki na fari: "Put the pen in the bag. Put the book on the desk. Put the bottle under the bench." Sa'an nan tambaya:

Where is my pencil? – It is under the chair.

Ku haɗa da launuka huɗu: red, ja, blue, shuɗi, black, baƙi, white, fari. Launi yana zuwa kafin sunan abu, kamar yadda muke cewa jan biro ko baƙar jaka: a red pen, a black bag. Yaron da ya kai nan zai iya kwatanta abin da ya ɓace masa.

Mataki na 6: Roƙo da kai ƙara cikin ladabi

A Hausa kalma ɗaya ce take aiki biyu: na ari biro, ya ara mini biro. Turanci ya raba su. Mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa kuma "lend". "Borrow me your pen" da ake yawan ji a titi, ba za a karɓe ta a jarrabawa ba. Ku koya musu waɗannan gajerun hirarraki biyu, su yi su kamar wasan kwaikwayo.

Tsakanin ɗalibai biyu:
– Please, lend me your ruler.
– Here it is.
– Thank you.
– You are welcome.

Tsakanin ɗaliba da malama:
– Excuse me, Ma. I cannot find my pen.
– What colour is it?
– It is blue.
– Is this your pen?
– Yes, Ma. It is mine. Thank you, Ma.

Ga malami namiji sai a ce "Sir". Ku ƙara musu jimloli biyu da za su cece su a kowane aji: "Please, Sir, I do not understand," wato ban gane ba, da "Please, say it again," wato a sake faɗa.

Gyaran lafazi

Kada ku tsai da yaro a kowace kalma, sai ya ji kunya ya rufe baki. Ku ware minti biyar a ƙarshen darasi domin sautuka uku.

P da F. Hausa ba ta raba su, shi ya sa pencil ya zama fensir. Amma a Turanci "pan" da "fan" abu biyu ne daban. Domin "p", a rufe leɓuna biyu sa'an nan a sake su da ƙarfi. Yaro ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa: in ya faɗi "pen" daidai, takardar za ta yi tsalle. Domin "f", haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali.

TH. A cikin this da that, kan harshe yana ɗan leƙowa tsakanin haƙora. In ba a nuna ba, za a ji "zis" ko "dis". Ku yi shi a gabansu ku ƙara gishiri, za su yi dariya, za su kuma tuna.

Baƙaƙe a jere. Bakinmu ya saba sa wasali tsakanin baƙaƙe, kamar yadda bread ya zama burodi. Saboda haka school yakan zama "sukul", class ya zama "kilas", broom ya zama "burum". Ku sa su ja sautin farko kamar hucin maciji, "sss", sa'an nan su haɗa da sauran kalmar.

Wasanni uku

Jakar asiri: a zuba kaya cikin buhu. Yaro ya sa hannu ba tare da ya leƙa ba, ya taɓa abu ɗaya ya ce "It is a ruler", sa'an nan ya fito da shi a gani.

Me ya ɓace?: a shimfiɗa abu shida a tabarma, yara su rufe ido, a ɗauke ɗaya. Wanda ya fara faɗin sunansa shi ne zai ɓoye na gaba.

Cigiya: kowa ya sa abu ɗaya a kwando. Yaro ɗaya ya zama mai cigiya, ya ɗaga abu ya ce "Whose is this?" Mai shi ba zai karɓa ba sai ya ce "It is mine. Thank you."

Rubutu shi ne na ƙarshe

Sai yara sun iya faɗin kalma kafin su ga yadda ake rubuta ta, domin rubutun Turanci ba ya bin furuci kamar na Hausa. A cikin chalk ba a faɗin "l". Wanda ya fara ganin ta a allo zai karanta harafin, wanda ya fara jin ta ba zai yi ba. Ku yanka tsohon kwali ku rubuta sunaye, yara su ɗora kowane suna a kan abinsa. Daga nan kowa ya rubuta a bangon littafinsa: "This is my book. My name is," ya sa sunansa. Ya koyi rubutu, ya kuma tsare littafinsa daga ɓata.

Kada ku ji tsoron yin bayani da Hausa ko da yaren gida. A gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, an koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba. Abin kiyayewa shi ne bayanin ya zama gajere, yawancin lokacin kuma ya tafi ga yaran suna magana.

Yaran da ba su da kaya

Wannan darasi yana iya ƙona zuciya idan ba a yi hankali ba. A kowane rukuni akwai maraya, ko ɗan gudun hijira, ko wanda iyayensa ba su girbe kome ba bana, wanda littafinsa ɗaya ne a cikin leda. In kuka ce kowa ya zazzage jakarsa a gaban jama'a, wannan yaro ba zai dawo gobe ba.

Saboda haka ku yi amfani da kwandon aji. A farkon darasi kowa ya ɗauki abu biyu daga ciki, su ne nasa har a tashi. Kada ku tambayi yaro a gaban sauran ko nawa ne littattafansa na gaske. "I do not have" kuma kowa ya faɗe ta, har da ku masu koyarwa, don kada ta zama jimlar matalauta. Idan kun lura da wanda ba shi da fensir, ku gaya wa kwamitin taimako ko zumuntar mata a asirce. Fensir ɗaya in an raba shi biyu aka fiƙe, ya ishi yara biyu.

Aikin iyaye

Ba sai kin iya Turanci ba, Mama, kafin ki taimaka. Da yamma ki ce wa yaron ya fito da kayansa ɗaya ɗaya ya gaya miki sunansu. Ki bar shi ya zama malaminki, ki maimaita bayansa. Baba, kai ma ka tambaye shi, "Yaya ake cewa jakata?" Yayye da ke sakandare su yi hirar aron rula da ƙannensu. Ta haka kuma za ku san abin da ya ɓace da abin da ya ƙare tun kafin malami ya koro shi gida.

Yadda za ku san an koya

Bayan mako uku ko huɗu, ku kira kowane yaro shi kaɗai, ba bulala, ba maki. Ku ba shi umarni uku. Ku tambaye shi sunan abu biyar. Ku ɗauki fensirinsa ku ce "Is this my pencil?" Idan ya dube ku ya ce "No, it is mine," aikin ya yi. Wanda bai kai ba, ku koma da shi mataki na 1. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Harsuna nawa yaranmu suke ji kafin su shiga makaranta? Ta yaya za mu yi amfani da su wajen koyar da Turanci?
2. Su wane ne a cikinmu za su iya ba da minti 30, sau uku a mako? Akwai waɗanda suka gama sakandare suna zaune a gida?
3. Waɗanne kalmomin Turanci ne suka riga suka shiga Hausa ko yarenmu? Ku lissafa goma.
4. Me muke yi, da sani ko ba da sani ba, da ke sa yaro jin kunyar buɗe baki?
5. Yara nawa ne a unguwarmu ba su da littafin rubutu da fensir? Wane mataki za mu ɗauka kafin a koma hutu?